Shafi na Huɗu, Layin Tungan Ɗorawa

Alhamis, 5 ga Oktoba, bayan sallar Asuba

Naɗin Tungan Ɗorawa bai dawo ba.

Na rubuta a nan ne don in gan shi a rubuce, tunda a ofis ba mai son ji. Ƙanena Abdulkahar, wanda ake kira Edita saboda shi ne namijin da Baba ya bari, cewa ya yi, "Yaya, takardar siminti ce fa. Wata ta naɗe ƙosai da ita." Na ce shekara talatin da ɗaya wakilinmu na can, Malam Yohanna, yana aiko ta, ba a taɓa naɗe ƙosai da ita ba sai a zamanin editancinka. Ya yi dariya. Yana da haƙora masu kyau, Abdulkahar. Su kaɗai ya gada a wurin Baba.

Bari in rubuta yadda muke aiki, tunda ko 'ya'yana ba su sani ba. Shaidar Mako shafi huɗu ce. Ukun farko kowa zai iya yin su: wane ya buɗe rijiya, wane ya yi jawabi, ƙwallo. Shafi na huɗu shi ne jaridar. Kowace Laraba muna ɗaure ƙunshi ashirin da bakwai cikin takardar buhun siminti, direbobi su sauke su a ƙauyuka, daga Nasko har bayan Rijau. Wakilinmu ya kwance, ya raba jarida, ya juya takardar naɗin ya rubuta labarin garinsu a bayanta. An haihu, an rasu, saniya ta ɓace, gada ta karye. Kafin Litinin ta dawo mana ta hannun direba. In ba abin da ya faru, sai ya rubuta "Sai alheri." Ƙa'idar Baba ɗaya ce: ba a buga "Sai alheri" sai an ga hannun wakili. In naɗi bai dawo ba, a buga sunan garin, a bar ƙasansa fari.

Jiya jarida ta fito. A ƙarƙashin Tungan Ɗorawa an buga "Sai alheri."

An buga. Haka zan bar shi yau.

Alhamis, bayan La'asar

Na je tasha wurin Abdulsalami, direban da ke bin hanyar Rijau. Na same shi a ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kawai a waje.

"Hajiya, ko ban gan ki ba na san takunki. Kamar za ki kama ɓarawo."

"Fito, ɓarawon. Ina ka sauke Patience jiya?"

Patience 'yar Malam Yohanna ce, tela, shagonta na kallon ofishinmu. Wata biyu ba ta je gida ba. Jiya ta shiga motarsa, ita da ƙunshin garinsu.

Ya fito yana goge hannu, ya daina wasan. Ya ce a mararraba ya sauke ta kamar kullum, daga nan ake hawa babur a shiga ciki. Amma gindin mangwaron da masu babur goma ke zama, mutum ɗaya ya tarar, kuma bai san fuskarsa ba. Matan da ke sayar da dafaffiyar gyaɗa ba ko ɗaya.

"Kuma ka bar ta ta hau?"

"Na ce mata ta dawo mota, Hajiya. Ta ɗaga min jarida. Ta ce babanta ya ce sai alheri."

Na dawo ta bayan kasuwa don kada in gaisa da kowa.

Juma'a, 6 ga Oktoba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Can babu sabis tun bara. Na sani. Na kira wayar Patience sau tara.

Asabar, 7 ga Oktoba, da hantsi

Na sauko da tsofaffin kundaye daga kan kabad. Gara ta ci shekarar farko daga gefe, ta bar tsakiya. Ta fi wasu masu karatunmu zaɓe.

Baba malamin firamare ne. Abokinsa ya rasu a wani ƙauye bayan Tungan Magajiya, bai ji ba sai bayan sadakar arba'in, a bakin mai sayar da kaji. Ya dawo gida bai ci abinci ba. Wata uku bayan nan ya sayo inji mai juyawa da hannu, wanda tawadarsa ba ta fita a farce. Ina 'yar shekara goma sha biyu ni ke naɗe shafuka. Abdulkahar yana goye.

Na bi shafi na huɗu shekara arba'in da biyu. Sau huɗu kacal aka bar fari. Biyu ruwa ne ya cinye hanya. Ɗaya amai da gudawa. Ɗaya wakilin ne ya mutu a gona, ba a gan shi ba sai da ungulu suka nuna. Duk sau huɗun akwai dalili. Farin bai taɓa yin ƙarya ba, shi ya sa aka yarda da baƙin.

Har yau ranar Laraba da safe, kafin a fara lodi, Abdulsalami yakan hau benci a tasha ya karanta shafin da ƙarfi, wani na juya wa mutane da Kambarci, wani da Dukanci. In ya zo kan fari, yakan faɗi sunan garin ya yi shiru gwargwadon numfashi ɗaya. Haka direban da ya gabace shi yake yi. Ba wanda ya koya musu.

Shekara biyar da suka wuce an ce mun mutu, waya ta kashe mu. Sai aka wayi gari wayar ba ta aiki a inda ake buƙatarta, mutane suka dawo wa takardar siminti. Abdulkahar yana kiran wannan farfaɗowa. Na ce masa mai sayar da likkafani ma yakan ga irin wannan farfaɗowar.

Lahadi, 8 ga Oktoba

Shagon Patience a rufe. Lahadi ce, dama yakan kasance a rufe.

Litinin, 9 ga Oktoba, bayan Azahar

Ashirin da shida.

Na shimfiɗa su a ƙasa. Garuruwa ukun da ke kusa da mararraba sun dame ni. Wakilin ɗaya daga cikinsu mai surutu ne, yakan cika takarda har ya zagaya gefe, ya ba mu labarin akuyar da ta haifi huɗu. Wannan makon kalma biyu ya rubuta, ƙanana, a kusurwa. Na biyun ya rubuta: "Mun fara yankan dawa. Ba ta nuna ba."

Wa ke yankan dawa ɗanya?

Litinin, kafin Magariba

Mun yi baƙo. Farar mota, farar shadda, bai faɗi ofishin da ya fito ba, Abdulkahar kuma bai tambaya ba, sai jan kujera yake yi kamar surukinsa ne ya zo. An kawo ruwa, bai sha ba.

Ya yabi Baba. Ya ce jaridarmu gado ce. Sannan ya ce kaka ta kama, manyan motoci za su fara shigowa ɗaukar wake da masara, bai kamata a tsorata jama'a da abin da ba a tabbatar ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai farin ma'anarsa kenan. Ba a tabbatar ba."

Ya juyo ya dube ni a karon farko. "Hajiya Hamida ko? Ya yara? Zulfa tana nan a makarantar koyon jinya?"

Ban gaya masa sunana ba. Ban gaya masa sunan 'yata ba. Ban kuma gaya wa kowa cewa gobe zan bar fari ba.

Da ya fita Abdulkahar ya shanye ruwan baƙon a tsaye.

Talata, 10 ga Oktoba, ƙarfe biyu

Na haɗa shafi na huɗu. Tungan Ɗorawa, ƙasansa fari. Na duba sau uku. Na miƙa wa Baba Nababa mai inji, na tafi gida in ɗora tukunya.

Laraba, 11 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe

Abdulkahar ya cire sunan garin.

Bai buga ƙarya ba, bai bar fari ba. Ya bari na tafi, ya zauna a kujerata, ya goge Tungan Ɗorawa gaba ɗaya, ya matso da na ƙasa. Gari ashirin da shida, layi a miƙe, gwanin kyau. Abdulsalami ya karanta a tasha, ba inda ya yi shiru, don ba a ba shi wurin shirun ba.

Na sami Abdulkahar a ofis yana cin waina.

"Yaya, zauna mu yi magana ta hankali."

"Ina ka kai su?"

"Su wa?"

"Mutum ɗari huɗu da coci da masallaci da injin niƙa. Jiya suna tsakanin layi na sha takwas da na ashirin. Ina ka kai su?"

"Na raba gardama ne. Ba mu ce lafiya ba, ba mu ce ba lafiya ba."

"Ka ce babu su."

"Kin ji abin da mutumin nan ya ce game da Zulfa."

"Na ji. 'Yata ce."

Sai ya ajiye wainar ya ce, a hankali, "Ni dai ban taɓa buga 'Sai alheri' ban ga naɗi ba."

Na ɗauki jakata. Na karanta littattafai da yawa a rayuwata, na Baba da na aro da waɗanda aka hana 'yan mata, kuma a cikinsu mai gaskiya kullum tana da amsa a irin wannan wurin. Na tsaya a bakin ƙofa ina jiran tawa. Ba ta zo ba.

Alhamis, 12 ga Oktoba, da rana

Na leƙa ta tagar shagon Patience. Atamfata tana kan keken, an yanka, an haɗa hannu ɗaya. Ta ce in dawo ranar Asabar. Asabar ɗin da ta wuce.

Wata mata ta zo neman ɗinkin bikinta, ta tambaye ni ko na san inda telar ta shiga. Na ce ta je gida. Ta ce, "Waɗannan teloli!" Na kusa marinta. Ba ta yi komai ba.

Juma'a, 13 ga Oktoba, bayan an sauko daga masallaci

Baba Nababa yana wanke robar inji da kananzir. Tun zamanin Baba yake nan, kunnensa ɗaya inji ya cinye. Bai ɗago ba ya ce, "'Yar Malam, kin rame."

Na ce zafi ne.

"Ranar nan, kafin Patience ta tafi, ai tare muka ƙirga."

Na kau da kai.

"Ashirin da shida na gani, kamar yadda kika gani. Na ga shafin, na ga layin, na danna inji. Na ce a raina, Yohanna ne, ko mutuwa ya yi sai ya aiko ya faɗa." Ya matse tsumman. "Ki daina ɗauka ke kaɗai. Amma ki daina cewa 'an buga'. Malam ba ya son wannan maganar. Yakan ce wa ya buga?"

Asabar, 14 ga Oktoba, bayan sallar Asuba

To.

Ni na buga. Yadda nake haɗa shafi na huɗu shi ne in buɗe na makon jiya a kwamfuta in riƙa sauya abin da ya sauya. Ranar Talata, uku ga wata, na ƙirga naɗi na ga babu na Malam Yohanna. Ban manta ba. Wuta ba ta ɗauke ba, ba wanda ya kira ni. Na dubi layinsa, "Sai alheri" na makon jiya yana zaune, na ce mutumin da bai taɓa fashi ba cikin shekara talatin da ɗaya, direba ne ya yar da takardar. Na ce in na bar fari zan tayar wa mutane hankali a banza. Maganar mai farar shadda ce, ni na riga shi faɗa.

Kashegari da safe Patience ta tsallako titi da jakarta. Ta ce, "Mama, an ce hanyarmu ba daɗi. Baba ya aiko?"

Ban ce ya aiko ba. Na buɗe jaridar na ɗora yatsa a kan layin. Ta karanta, ta yi dariya, ta ce za ta kawo min gyaɗa sabuwa.

Yatsan nan ne. Da shi nake riƙe biro yanzu.

Lahadi, 15 ga Oktoba

An yi ruwa, mai yiwuwa na ƙarshe. Malam Yohanna yakan rubuta sau nawa aka yi ruwa a mako, da jan biro, ko ba a tambaye shi ba. Malamin makaranta ne, bai san wani launi ba.

Litinin, 16 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Naɗin ya dawo.

Abdulsalami da kansa ya kawo, bai aiko ba. Bai zauna ba. Ya ce ranar Laraba ya ajiye ƙunshinsu a gindin mangwaro ya danne da dutse, don ba kowa a wurin. Jiya yana dawowa wani ya tsaya a tsakiyar titi ya ɗaga hannu. Ya miƙo takardar ta taga.

"Me ya ce?"

"Ya ce a gaida Hajiya. Ya ce a tabbata an buga."

Na juya takardar. "Sai alheri." Da fensir. Babu ruwa sau nawa, babu jan biro.

Ba hannun Malam Yohanna ba ne. Amma na san hannun. Shekara shida ina ganinsa a littafin awon Patience, kafaɗa kaza, tsawo kaza. Fensirin ya huda takardar a wuri biyu.

Tana da rai. Ko dai tana da rai ranar da ta rubuta.

Waɗanda ke riƙe da ita suna karanta mu. Shekara arba'in da biyu muna fafutukar samun masu karatu.

Talata, 17 ga Oktoba, bayan Azahar

Mun rufe ƙofa mu uku, ni da Abdulkahar da Baba Nababa, takardar a kan tebur.

Abdulkahar ya ce, "Ƙa'ida ta cika. Naɗi ya dawo."

"Hannun wakili, in ji Baba."

"'Yarsa ce."

"Ka taɓa ganin Malam Yohanna ya bar wani ya rubuta masa? Mutumin da ya karye a hannun dama ya aiko da na hagu?"

Yau bai yi dariya ba. Idonsa ja, kuma ban ji daɗin ganin haka ba kamar yadda na zata. Ya ce, "Yaya, ki bar ni da Baba. Na san ba lafiya ba. Yaro ma ya sani. Abin da nake tambaya, in ba mu buga ba, me za su yi mata? Sun ce a buga. Ita suka sa ta rubuta. In Laraba ta yi suka ga fari, wa za su tambaya?"

Na dubi inda fensirin ya huda takardar. Na gaya masa ban sani ba.

Na ce, "Jibi Alhamis kasuwarsu ce. Wake ya shigo. In Abdulsalami ya hau benci gobe ya ce Tungan Ɗorawa sai alheri, mota nawa za ta juya a mararraba?"

Baba Nababa ya ce, "Biyar. In an ji daɗi, bakwai."

"Kowace da mutum nawa?"

Fanka tana juyawa.

Abdulkahar ya ce, "Kin sa ta a hanya da yatsanki, yanzu za ki bar ta can da yatsanki."

"E."

Ban san cewa zan iya faɗinsa ba sai da na ji shi a ɗakin.

Abdulkahar ya ce ba za a yi da sunansa ba, yana da ƙananan yara. In na nace, in cire sunansa daga saman jarida in sa nawa. Ya ajiye makullin ofis a kan takardar simintin ya fita. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Ki kira Zulfa ta kwana a gida." Wannan ita ce magana mafi amfani da ya yi cikin shekara goma sha tara.

Shekara goma sha tara ina son ganin sunana a wurin nan. Na rubuta shi, harafi shida, ban ji komai ba.

Na mayar da Tungan Ɗorawa layi na sha tara. Na bar ƙasansa fari. A gindin shafin na ƙara wannan: "A fitowar 4 ga Oktoba na buga 'Sai alheri' a ƙarƙashin Tungan Ɗorawa alhali naɗin bai dawo ba. Ban ga hannun Malam Yohanna ba a lokacin, har yau ban gani ba. Hamida Mahmud."

Ban tafi ɗora tukunya ba. Na tsaya a kan Baba Nababa har takarda ta ƙarshe ta faɗo. Ya ɗaga ɗaya ya duba farin a hasken taga, kamar mai duba ƙwai.

Laraba, 18 ga Oktoba, ƙarfe sha ɗaya

Na je tasha. Tun rasuwar Baba ban tsaya an karanta a gabana ba.

Abdulsalami ya hau benci. Nasko, an yi suna biyu. Tungan Magajiya, an ga jakin da ya ɓace. Mutane na ta ɗaure kaya, mai shayi na ta buga kofi. Ya zo layi na sha tara.

"Tungan Ɗorawa."

Ya yi shiru. Numfashi ɗaya ake yi. Ya yi uku. Mai juyawa da Kambarci ya buɗe baki ya rufe, babu abin juyawa. Mai shayi ya ajiye kofin.

Sannan ya karanta na gindin shafin, da sunana. Wasu suka waiwayo. Na tsaya inda nake, ban gyara mayafi ba.

Wani dattijo mai sayen wake ya ce wa ɗan kamasho, "Sauko min da buhunan nan." Buhuna ne wofi, a naɗe, ya zo da su don gobe. Wata mata ta sauke kwanonta daga saman mota, ta ɗora a ka, ta kama hannun 'yarta suka fita daga tashar. Bayanta wasu. Ba hayaniya. Na ƙirga har goma sha huɗu na daina.

Farar motar tana tsallaken titi, gilashi a rufe.

Abdulsalami ya sauko ya ce, "Hajiya, ƙunshinsu fa? In kai?"

Na ce ya ajiye a gindin mangwaro, kada ya kashe mota. Da safe na ɗaure shi da hannuna. Na sa jan biro a ciki.

Alhamis, 19 ga Oktoba, bayan Magariba

Yau kasuwarsu. Ba motar da ta juya a mararraba, in ji direbobi.

Patience, ban san abin da na yi miki jiya ba.

Asabar, 21 ga Oktoba

Wanda ya ba Patience hayar shago ya zo zai fasa kwaɗo, wai masu ɗinki sun dame shi. Na zauna a kan dakalin har ya gaji ya tafi.

Litinin, 23 ga Oktoba, bayan Azahar

Ashirin da huɗu suka dawo. Na Tungan Ɗorawa ba ya ciki. Ba hannun uban, ba hannun 'yar.

Na buɗe shafi na huɗu na goge shi tas, suna ashirin da bakwai, kowanne da fari a ƙasansa. Sannan na jawo naɗin farko na juya shi.